Ɗinkin Tela ga Furosesa: Dalilin da Zai Sa Ɗalibin Yola Ya Harhaɗa Stockfish da Hannunsa

Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗaliban Yola da Jimeta ba sababbi ba ne. Tokumbo ne, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda wani ofis a Turai ko Amurka ya gama cin moriyarsu, suka biyo ta Legas ko Kano suka sauka a shagunan Jimeta. Mai shago zai nuna maka biyu ya ce wannan Core i5 ce, waccan ma Core i5 ce, ram ɗinsu ɗaya, kuɗinsu ma ba wani nisa. Abin da ba ya shiga ciniki shi ne, EliteBook 8470p furosesarta ta zubi na uku ce, ta 2012, ita kuwa 840 G1 ta zubi na huɗu ce, wadda kamfanin Intel ya fitar a 2013 da sunan Haswell. A tsakanin wannan shekara guda aka ƙara wa furosesa wani rukunin umarni mai suna AVX2. Mai buga wasiƙa ko kallon fim ba zai taɓa jin bambancin ba. Amma wanda ya sauko da Stockfish, injin wasan ces da ya fi kowane ƙarfi a cikin na kyauta, ya ɗauki zubin da aka yi domin AVX2 ya ɗora wa tsohuwar, ko motsi ba zai yi ba: kwamfutar za ta ce an ba ta umarnin da ba ta sani ba, ta rufe shi. A nan ne ɗalibin ilimin kwamfuta ya kamata ya tsaya ya tambayi dalili, kuma ra'ayina shi ne babu ɗakin gwaji mafi araha da zai amsa masa tambayar kamar ya ɗauko rubutun tushen injin ya harhaɗa shi da kansa a kan na'urar da ke gabansa. Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, da Jami'ar Amurka ta Najeriya da Atiku Abubakar ya kafa a Yola, da Kwalejin Fasaha ta Jihar Adamawa, duk suna da ɗalibai masu karatun kwamfuta, kuma wannan aiki bai fi ƙarfin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Stockfish ya samo asali ne daga wani inji mai suna Glaurung da Tord Romstad ɗan ƙasar Norwe ya fitar a 2004. A 2008 Marco Costalba ɗan Italiya ya ɗauki rubutunsa ya gina sabo a kai, Joona Kiiski ɗan Finlan ya shigo, daga baya aikin ya koma hannun jama'a masu sa kai daga ko'ina a duniya. An rubuta shi da harshen C++, kuma lasisinsa na GPL ya ba kowa damar karantawa da gyarawa da rarrabawa, muddin wanda ya rarraba ya bar rubutun a buɗe. Ƙarfinsa ya daɗe da wuce na ɗan Adam. Makin gwanin ces Magnus Carlsen mafi girma shi ne 2882, a 2014, su kuwa jadawalolin da ke auna injuna suna sa Stockfish sama da 3500. A 1997, sai da kamfanin IBM ya ƙera na'ura ta musamman, Deep Blue, mai duba matsayi wajen miliyan 200 a daƙiƙa, kafin ya kayar da zakaran duniya na lokacin, Garry Kasparov. Yau wayar da ke aljihun mai Keke Napep a Jimeta za ta iya ɗaukar injin da ya fi Deep Blue iya wasa, alhali ba ta kai kusa da wancan gudun ba. Wayon bincike da wayon auna matsayi ne suka cike gurbin, sai kuma iya tatsar abin da furosesa ke da shi har digon ƙarshe.

Wannan tatsar aikin kompaila ce. Furosesa ba ta san C++ ba, ba ta san komai ba sai jerin lambobin umarni nata na kanta. Kompaila, kamar GCC da Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, ko Clang da ta tsiro daga aikin LLVM na Chris Lattner a Jami'ar Illinois, ita ce ke ɗaukar abin da mutum ya rubuta ta mayar da shi waɗannan lambobi. Hanyar mayarwar kuwa ba ɗaya ba ce. Za ta iya bin rubutun layi-layi ba tare da dabara ba, za ta iya kuma sake tsara shi: ta kwashe ɗan ƙaramin aikin da ake yawan kira ta dasa shi a wurin da ake kiransa don a huta da zirga-zirga, ta fitar da lissafin da ba ya canzawa daga cikin zagaye, ta ajiye lambobin da ake yawan taɓawa a rajistocin furosesa maimakon ram, ta share abin da ba za a taɓa isa gare shi ba. Alamar -O3 ce ke ce mata ta yi iya ƙoƙarinta, alamar -flto kuma ta sa ta duba fayilolin manhajar gaba ɗaya a lokacin haɗa su, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Sai tambaya mafi nauyi: wace furosesa ake yi wa aikin? Manhajar da aka harhaɗa don ta yi aiki a kan kowace kwamfuta kamar rigar kanti ce, an yanka ta yadda za ta shiga jikin kowa, don haka ba ta zauna wa kowa daidai. Wadda aka harhaɗa a kan na'urarka ɗinkin tela ce da ya ɗora maka tef ya auna kafaɗa da hannu da wuya.

Injin ces ya fi yawancin manhajoji nuna wannan bambanci a fili, saboda yadda aka gina cikinsa. Allon ces gida 64 ne, lambar da furosesa ta zamani ke riƙewa a rajista ɗaya kuma bit 64 ce. Don haka masu rubuta injuna suke ajiye matsayin kowane irin ɗan wasa a lamba guda, kowane bit yana wakiltar gida ɗaya, ɗaya in akwai, sifili in babu. Ƙirga dawakan da ke kan allo ya zama ƙirga bit nawa ne ke kunne a lamba, aikin da tsohuwar furosesa ke yi da matakai da dama, amma tun zubin Nehalem na 2008 Intel ta ba shi umarni guda mai suna POPCNT. Babban sauyi ya zo a 2020. Wani masani ɗan Japan, Yu Nasu, ya ƙirƙiro a 2018 wata ƙaramar ragar jijiyoyi ta lissafi mai suna NNUE domin shogi, wato ces ɗin Japanawa, Hisayori Noda ya dasa ta a Stockfish, aka fitar da ita a zubi na 12 a watan Satumban 2020. Daga nan auna matsayi ya tashi daga dokokin da mutane suka rubuta da hannu ya koma tarawa da ninka dubban ƙananan lambobi masu bit 8 da bit 16, sau miliyoyi a daƙiƙa, kuma a 2023 aka cire tsohon ma'aunin gaba ɗaya. Rajistar AVX2 faɗinta bit 256 ne, tana ɗaukar lambobi 32 masu bit 8 ta yi musu aiki a bugu ɗaya. Rajistar SSE da tsohuwar EliteBook za ta dogara da ita a wannan lissafi rabin haka take ɗauka. Ga asalin tazarar da ke tsakanin kwamfutoci biyun da mai shago ya ce duk ɗaya ne.

Aikin kansa gajere ne. Ɗalibi ya buɗe tagar umarni a Linux, ko a Windows ta hanyar MSYS2, ya kwafo rubutun daga GitHub, ya shiga jakar src, ya rubuta make -j profile-build ARCH=x86-64-avx2, ko ya sa sunan zubin da ya dace da furosesarsa. Abin da zai biyo baya mataki huɗu ne da za su riƙa bayyana a allo. Da farko kompaila ta gina injin da 'yan ma'aunai a dashe a cikinsa. Sannan a sa wannan injin ya yi gwajin da ake kira bench, ya binciki wasu zaɓaɓɓun matsayi, fankar kwamfutar ta ɗauki kuka, ma'aunan suna rubuta wace hanya aka fi bi a kowace mararraba ta rubutun, wane aiki aka kira sau miliyan, wanne aka kira sau biyu. Mataki na uku, kompaila ta sake gina injin da wannan labari a hannunta, ta jera hanyoyin da aka fi bi kusa da juna don furosesa ta same su a ma'ajiyarta ta kusa, ta ture waɗanda ba a cika bi ba can gefe. Na huɗu shara ce kawai. In an gama, ɗalibi ya rubuta ./stockfish bench, layuka uku su fito a ƙarshe: lokacin da aka ɗauka, adadin matsayin da aka bincika, da adadin da aka bincika a daƙiƙa. Layi na biyun shi ne abin sha'awa. Ko a kan wace na'ura aka harhaɗa, ko da wace kompaila, da dabara ko babu, in dai rubutun tushe ɗaya ne, wannan adadi ba ya canzawa ko da ɗaya. Masu aikin Stockfish suna rubuta shi a jikin gyare-gyaren da suka karɓa a matsayin sa hannu. Layi na uku ne kaɗai ke hawa da sauka. Da wuya malami ya sami hanyar da ta fi wannan nuna wa aji cewa aikin kompaila shi ne ta sauya saurin isa ga amsa ba tare da ta taɓa amsar ba, kuma in adadin ya kauce, to wani abu ya lalace, ko a rubutun ko a kompailar.

Mai suka zai ce duk wannan wahalar banza ce, tunda shafin Stockfish yana ba da zubi daban-daban da aka riga aka harhaɗa, na AVX2 da na BMI2 da na tsofaffin furosesoshi da na wayoyi, kuma shafin Lichess da Thibault Duplessis ya buɗe a 2010 yana gudanar da injin a cikin burauza ba tare da an sauke komai ba. Zai ƙara da cewa injin da ya riga ya fi zakaran duniya da ɗaruruwan maki, me ƙarin gudu zai amfana wa ɗan wasan da ke koyon buɗe wasa? Wannan suka gaskiya ce, kuma ban ga amfanin yi mata kwana ba. Wanda burinsa ya duba inda ya yi kuskure a wasan jiya, ya sauke wanda aka gama ya huta. Ribar da za a samu tsakanin zubin da aka sauke daidai da furosesa da wanda aka harhaɗa a gida sau da yawa kaɗan ce. Sai dai maganar ba ta ɗan wasa ba ce, ta ɗalibin da zai fita da takardar shaidar ilimin kwamfuta ce. Darussan tsarin furosesa da na gina kompaila suna cikin manhajar karatun wannan fanni, kuma abubuwa ne da ke da saurin zama haddar jarrabawa in ba a taɓa su da hannu ba. Ɗalibin da ya harhaɗa inji ɗaya sau huɗu, da -O0 da -O3, da AVX2 da babu, ya rubuta lambobin da ya gani a jadawali, ya san abin da ake nufi da rajista da ma'ajiyar kusa da hasashen mararraba ta hanyar da allo da alli ba za su ba shi ba.

Zai kuma koyi kada ya yarda da suna sai ya auna. Misalin da masu injunan ces suka fi sani shi ne na umarnin PEXT, da ke cikin rukunin BMI2, wanda ke hanzarta gano gidajen da giwa ko rukh za su iya kaiwa. A furosesoshin Intel tun daga Haswell umarni ne mai sauri. A Ryzen na AMD kuwa, zubin Zen na farko da Zen 2, umarnin yana nan amma a hankali ake aiwatar da shi, har ya zama wanda ya zaɓi zubin BMI2 don ya ga shi ne sabo ya tashi da injin da ya fi na AVX2 nawa. Sai a Zen 3 na 2020 aka gyara. Haka nan Celeron da Pentium da yawa da aka ƙera shekaru bayan 2013, waɗanda ke cikin sababbin kwamfutoci masu araha, ba su da AVX2 sam, ta yadda tsohuwar tokumbo ta kan bar sabuwa dal a baya. Yola kuma tana da nata ƙarin darasin da littattafan waje ba su cika damuwa da shi ba. A watannin Maris da Afrilu zafin kwarin Binuwai yana haura digiri 40, kuma furosesa in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe mata iska, man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta ya bushe, za ta ba da lamba ɗaya da asuba, ta ba da wata daban da azahar. Wanda ya gwada zubi ɗaya da safe, ɗayan da rana, ya ce ya gano wanda ya fi, zafin gari ya auna, ba kompaila ba. Dole ya maimaita gwaji, ya sauya jeri, ya lura ko a caji take ko a batir, ya rufe sauran manhajoji. Wannan shi ne ladabin gwajin kimiyya, kuma shi ne abin da Stockfish ya rayu a kansa: tun 2013 da Gary Linscott ya gina tsarin Fishtest, ba a karɓar gyara don girman mai shi, sai an buga dubban wasanni tsakanin tsohon zubi da sabo a kan kwamfutocin masu sa kai, lissafin ƙididdiga ya yanke hukunci.

Batun wuta da data ba abin rainawa ba ne. Mutanen Yola ba su manta da 2024 ba, lokacin da aka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe, gari ya shafe makonni cikin duhu, kuma ko a ranakun lafiya ɗalibi yana lissafin cajinsa kamar kuɗin abinci. Amma a nan ma aikin ya dace da halin da ake ciki. Rubutun tushen ƙarami ne, abin da ke da nauyi shi ne fayil ɗin ragar jijiyoyin, mai gomman megabait, kuma mutum ɗaya ya sauke shi ya isa aji guda a raba ta filashi. Harhaɗawar 'yan mintoci ce, ba ta neman intanet bayan haka, ba ta neman katin zane mai tsada irin wanda injin Leela Chess Zero ke so kafin ya nuna ƙarfinsa. Wanda ba shi da kwamfuta ma yana da hanya, domin manhajar Termux tana ba wayar Android tagar umarni da kompailar Clang. Wayoyin Tecno da Infinix da itel da suka cika gari furosesoshin ARM ne a cikinsu, kuma irin rabuwar nan tana can: masu ƙwayar Cortex-A53, kamar Helio G35, ba su da umarnin ninka-da-tarawa na dotprod, masu A55 da A75, kamar Helio G85, suna da shi, kuma Stockfish ya ware wa kowanne zubinsa.

Akwai masu cewa ces ba wasanmu ba ne, akwai kuma masu tuna cewa malamai sun daɗe da saɓani a kansa, Imamu Malik yana cikin waɗanda suka ƙi shi. Wannan rubutu ba fatawa ba ne, kuma ɗalibin da ke auna gudun kompaila ba sai ya buga wasa ko ɗaya ba. Game da baƙuncin wasan kuwa, Tunde Onakoya, wanda ya kafa Chess in Slums Africa a Legas kuma ya yi awa 60 yana wasa a dandalin Times na New York a watan Afrilun 2024, ya nuna cewa ces ya sami gindin zama a Najeriya. Amma amsar da ta fi gamsar da ni tana ƙarƙashin bishiyoyin unguwanni, inda dattawa ke tona ramuka a ƙasa suna dara da tsinke da tsakuwa. Dara gida 30 ce, biyar sau shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, a fara da zubawa, sannan a koma turawa gida ɗaya ana neman jera uku a ci na abokin karawa. Gida 30 sun shiga lamba mai bit 32 har da ragowa. Gano jeri uku ya zama tura lamba gefe da haɗa ta da kanta sau biyu. Binciken alfa-beta da teburin tuna matsayi da ke cikin Stockfish duk za su zauna wa dara daram. Ɗalibin da ya karanta yadda aka yi na ces ya riga ya riƙe kayan aikin gina injin dara, kuma wannan ya fi cancantar zama aikin kammala digiri a kan maimaita manhajar rajistar ɗalibai da kowane zango ake sake rubutawa.

Tambayar da iyaye za su yi ita ce ko wannan zai kawo abinci. Kai tsaye, a'a, ba mai ɗaukar ma'aikaci don ya iya harhaɗa injin ces. Amma dabarun da ke cikinsa, wato matse lambobin ragar jijiyoyi su koma bit 8, da zaɓar umarnin da furosesa ke da shi, da aunawa kafin a yarda, su ne ainihin waɗanda Georgi Gerganov ya bi a whisper.cpp da llama.cpp, manhajojin da suka sa ƙirƙirarriyar basira mai jin magana da mai rubutu suka iya aiki a kan kwamfutar gida da waya ba tare da babbar cibiya ba. A jihar da ake magana da Fulfulde da Hausa da Bacama da Kilba da Margi da wasu harsuna da dama, inda sabis ke yankewa da an bar babban titi, duk manhajar da za ta saurari manomi ko ta taimaki ma'aikaciyar asibitin ƙauye sai ta gudu a kan ƙaramar waya mai zafi da ragowar caji. Wanda zai sa ta gudu shi ne wanda ya san abin da ke faruwa tsakanin rubutu da furosesa.

Buɗaɗɗen rubutu yana da wani amfanin da labarin Stockfish kansa ya tabbatar. A 2021 kamfanin ChessBase na Jamus ya fitar da Fat Fritz 2 yana sayarwa, masu aikin Stockfish suka nuna cewa injinsu ne aka sauya wa raga, suka kuma ce injin Houdini 6 ma daga rubutunsu aka ɗebo shi. Suka shigar da ƙara a Munich a wannan shekarar, aka sasanta a watan Nuwamban 2022, kamfanin ya amince ya bi sharuɗɗan lasisin. Waɗanda suka bankaɗo lamarin mutane ne da suka saba da cikin injin har suna gane shi ko an canza masa suna. A garuruwanmu kuwa, inda ake loda manhaja a shago daga filashin da ya zaga kwamfutoci ɗari, ba wanda ya san abin da aka cusa a cikin abin da yake kunnawa. Harhaɗawa daga tushe ba ta kawar da haɗarin duka ba. Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, wanda kuma shi da Joe Condon suka ƙera Belle, na'urar ces da ta ci gasar duniya ta kwamfutoci a 1980, ya nuna a laccarsa da aka buga a 1984 cewa ita kanta kompaila ana iya ɓoye mata mugun abu ta riƙa dasa shi a duk abin da ta gina, ba tare da ya bayyana a rubutun tushe ba. Wannan ma darasi ne na mako guda ga ajin tsaron kwamfuta, kuma malamin da ya riga ya sa ɗalibansa sun gina inji ɗaya da GCC da Clang, sun ga adadin bench ya fito iri ɗaya daga hanyoyi biyu mabambanta, yana da wurin da zai fara bayanin yadda ake amfani da kompaila ɗaya a binciki wata.